Maganin damina da ake ba yara gida-gida: Hajiya ta ce a daina, me zan ce mata?

Telan Ƙofar Marusa ya rubuta:

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Ni tela ne a nan cikin birnin Katsina, dogon rubutu ba sana'ata ba ce, ku yi haƙuri da yadda zai fito. Magana ce ta shiga tsakanina da mahaifiyata, na rasa ta inda zan ɓullo mata.

Yarana ƙanana biyu ne, namijin yana cikin shekara ta biyar, sai ƙanwarshi da ba a daɗe da yaye ta ba. Da ruwa ya zauna, matan nan masu yawo da jaka da alli suka shigo mana da maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba yara wata-wata. Ina shago lokacin. Mai ɗakina ta ce a gabanta suka jiƙa ƙwayoyi biyu-biyu suka ba kowane yaro, suka bar mata wasu masu launin rawaya suka ce gobe ɗaya jibi ɗaya, suka cika kati, suka yi rubutu a jikin bango suka wuce gidan gaba. Da daddare yarinyar ta yi amai, da safe ta ƙi kunu. Hajiya, da yake gida ɗaya muke, ta ce to ga irinta nan. Ta amshe sauran ƙwayoyin ta ƙulle a bakin zane, magana ta ƙare.

Hujjarta ba ta wasa ba ce, shi ya sa na kasa ba ta amsa. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an ɗura ma mai lafiya magani ba. Ta ce a ƙasar da ko ƙwayar ciwon kai sai ka sa kuɗinka, a ce an biyo ka har tsakar gida an ba ka abu kyauta, ai mai hankali ya tsaya ya yi tambaya. Ta tuna mani da gwajin maganin da aka yi ma yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996, wanda har kotu aka je a kanshi. Daga ƙarshe ta ce mu tara ta haifa, da jiƙon ganyen bedi da sirace ta raine mu. Nan na yi shiru. Mu shida ne muka girma, ukun suna ƙanana masassara ta ɗauke su, amma wannan ba maganar da ɗa zai maida ma uwa ba ce.

Bayan kamar sati uku sai namijin ya kwanta, jiki ya yi zafi rau. Na kai shi wani kemis, ko jininshi ba a ɗiba ba aka ce maleriya ce da taifot, aka yi mashi allurai, aka haɗo mani ƙwayoyi cikin leda. Ya warware, alhamdu lillahi, aljihuna ne har yanzu bai warware ba. Hajiya kuma ta samu abin faɗa: ba ga shi ya sha maganin nasu ba, me ya hana?

To ga tambayata. Maganin nan yana aiki kuwa, ko ana rabawa ne don a cika takarda? Aman da yarinyar ta yi alamar illa ce? Na kuma ji a rediyo an ce an samo allurar rigakafin maleriya, in haka ne me ya hana a yi ma yaro sau ɗaya a huta da wannan ɗure-ɗuren? Sannan ni tun ina firamare nake jin ana yaƙi da sauro, yanzu ga furfura ta fara leƙo mani, sauron ko gezau. Sun ce sati mai zuwa za su dawo, ina so in san abin da zan ce kafin su yi sallama.

Malamar asibiti daga Daura ta rubuta:

Wa alaikumus salam Malam Tela. Allah ya ƙara wa yaro sauƙi, ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. Ina cikin masu bin diddigin rabon nan a ɓangarenmu, bari in faɗa maka yadda yake.

Yaranka ba su sha maganin ba, farkonsa suka sha. Iri biyu ne a cikin fakitin. Farar ƙwayar ita ce irin Fansidar ɗin da muke ba masu juna biyu wurin awo, sau ɗaya ake shan ta. Mai launin rawayar, amodiyakwin, kwana uku ake sha a jere, kuma sai ukun sun cika maganin ke taruwa a jini yadda zai tsare yaro har kwana 28. Dalilin dawowa duk wata ke nan, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, lokacin da sauro ya fi ƙarfi. Wanda ya sha na rana ɗaya aka tsaya, kariyarsa ba ta cika ba. Ko wanda ya shanye duka ba mu ce ba zai taɓa zazzaɓi ba. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara da shi ta amince da tsarin a 2012 ya nuna yana rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin 100, wato cikin yara huɗu da za su kwanta, uku sun tsira. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin yara cikin marka ya ga yara bibbiyu a gado ɗaya, iyaye na yawon neman mai ba da jini, ya san girman wannan bambancin.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Najeriya jihar Katsina aka fara yin sa, a 2013, tare da ƙungiyar Malaria Consortium, kuma cikin ƙananan hukumomin farko akwai Baure da Mai'aduwa da Mashi da Dutsi. Yaran da suka fara sha yanzu sun kai sakandare. A yau yara sama da miliyan 50 ke shan sa duk damina, a Nijar da Mali da Burkina Faso da Chadi da sauransu, fiye da rabinsu kuma namu ne na Najeriya.

Tsoron Hajiya kan abin da ya faru a Kano ba shirme ba ne. Ya faru, mu ma'aikatan lafiya har yau muna biyan bashinsa a ƙofar gidajen mutane. Sai dai wancan sabon magani ne ake gwadawa, waɗannan kuwa tsofaffi ne da aka yi shekara da shekaru ana sha. Kyautar ma wasu ne suka biya, irin su Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da maleriya da aka kafa a 2002, da sauran masu ba da gudummawa.

Amai yakan faru, amodiyakwin na da ɗaci, yana tayar wa wasu yara da zuciya ko ya sa su kasala. In yaro ya amayar cikin rabin awa da sha ana sake ba shi, in ya wuce haka ya riga ya shiga jiki. Abin da ake dakatawa a kansa shi ne ƙuraje su feso, ko fuska da leɓe su kumbura, ko ido ya yi rawaya. Wannan a daina, a kawo shi asibiti. Ba a kuma ba yaron da ke cikin zazzaɓi a ranar, shi gwaji ake tura shi, haka wanda ke shan Septrin da jaririn da bai kai wata uku ba.

Ni abin da ya fi damuna a labarinka kemis ɗin ne. Gwajin maleriya ɗigon jini ne daga yatsa, minti 15 zuwa 20 an ga sakamako. In ita ce, maganinta ƙwayoyi ne irin su Coartem, sha shida cikin kwana uku, na biyu awa takwas bayan na farko, a haɗa wa yaro da madara ko abinci mai maiƙo don ya shiga jiki da kyau. Allura ta mai tsanani ce: yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan komai, ko duk abin da ya ci ya dawo, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko ya yi laƙwas ba ya gane mutane. Irin wannan ya fi ƙarfin kemis, ko tsakar dare ne a nemi napep a yi asibiti.

Tsohon hedimasta, Rafindaɗi, ya rubuta:

Ɗana tela, tambayarka ta ƙarshe tawa ce, na kuma riga ka fara yin ta. 'Yata malamar asibiti ta yi bayani mai kyau, ku ba yara magani, jikokina ma suna sha. Amma a bar mu mu faɗi sauran.

A 1955 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura ɗamarar kawar da maleriya daga doron ƙasa da feshin maganin ƙwari DDT da kuma shan maganin kulorokwin. Turai ta rabu da ita, mu Afirka ta kudu da Sahara kusan tsallake mu aka yi, zuwa 1969 aka naɗe tabarmar shirin. Daga nan aka zo maƙwabtanmu, Garki ta Jigawa, lokacin tana cikin jihar Kano, daga 1969 zuwa 1976, ana feshe ɗakuna, ana raba ma ƙauyuka magani, ana ƙirga sauro. Cutar ta yi ƙasa sosai, da aka janye hannu ta koma inda take. A Afrilun 2000 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin rage mace-macen da rabi kafin 2010, ranar taron ce ma, 25 ga Afrilu, ta zama ranar maleriya da ake sa riga da hula iri ɗaya ana jawabi duk shekara. Shekara ta zagayo suka sake haɗuwa a Abujar suka ce kowace ƙasa za ta ware kashi 15 cikin 100 na kasafinta ga lafiya. Mu masu masaukin baƙi gwamnatin tarayyarmu ba ta taɓa kaiwa ba. A 2022 marigayi Buhari ya kafa majalisar kawo ƙarshen maleriya ya ɗora Aliko Ɗangote a kanta.

Yau ina muke? A 2023 mutum miliyan 263 suka kamu a duniya, 597,000 suka rasu, kuma kusan kashi 31 cikin 100 na mamatan 'yan Najeriya ne. Ƙasa ɗaya! Aljeriya ta amshi takardar shaidar rabuwa da cutar a 2019, Sin a 2021, Masar a 2024. Mu kuwa gidan sauro ma sai an aiko mana, ga shi Amurka ta tsuke bakin aljihu, a 2025 ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID.

Ni a ganina a gyara kwatoci kawai. Zamanin duba-gari, a ga ruwa kwance ƙofar gidanka sai kun haɗu gaban alƙali. Yanzu bi ta cikin gari bayan an ɗauke ruwa ka ga yadda leda ta toshe ko'ina.

Maman 'yan biyu, Sabuwar Unguwa, ta rubuta:

Baban yara, kar ka ja da Hajiya, ba riba za ka ci ba. Uwar mijina haka take. Sai na roƙi mai rabon, da yake 'yar unguwarmu ce, ta zauna ta gaishe ta da kyau ta yi mata bayani, aka damƙa mata katin da ƙwayoyin aka ce ita ce mai ba su. Yanzu ita ke tuna mani da ranar. Sau da yawa ba maganin tsofaffi ke ƙi ba, a shigo gidansu a wuce su a yi magana da matar ɗa, shi ne ba su so.

Maganar amai kuma, kar a ba yaro ciki ba komai, a bari ya sha kunu ya ɗan huta. Gidan sauro in sabo ne a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a ɗaura, shi ke hana ƙaiƙayin fuskar nan da ke sa mutane su kai shi lambu su rufe tumatir. In ɗaki ya yi zafi mu tsakar gida muke ɗaura namu da ƙusa da igiya.

Mai gwajin jini ya rubuta:

Baba hedimasta, Allah ya ƙara girma. Tarihin da ka kawo haka yake, amma a yi mani izini in ɗan saɓa maka kan kwata. Sauron da ke cika kwata mai baƙin ruwa da masai galibi wani jinsi ne daban, ba shi ke kawo maleriya ba. Mai kawo ta, macen anofilis, ta fi son ruwa mai ɗan tsabta da rana ke bugu: ruwan saman da ya kwanta a sawun mota ko kofaton shanu, ramin da aka haƙi ƙasar gini, gefen kududdufi, fadamar shinkafa, bakin dam irin na Jibiya da Zoɓe da Ajiwa. Cikin kamar kwana goma ƙwai ya zama sauro. A yashe kwatocin birni duka, kuma ya kamata a yashe saboda kwalara da ambaliya, amma dubban irin waɗannan wuraren suna nan. Ga shi irin namu na Afirka ta Yamma ya fi son jinin mutum a kan na dabba, ƙwayar cutar da yake ɗauke da ita kuma, falsifarum, ita ce mafi kisa. A Garki abin da ya kayar da aikin shi ne cizon ya yi yawa, wasu sauron kuma ba su sauka a bangon da aka fesa, waje suke hutawa.

Duk da haka an motsa. Binciken ƙasa na 2010 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 42 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar, na 2021 ya samu kashi 22.

Yayana tela, allurar rigakafin gaskiya ce, iri biyu ce ma. Akwai RTS,S da aka fara yi ma yara a Gana da Kenya da Malawi a 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2021. A can mutuwar yaran da suka isa karɓa ta ragu da kashi 13 cikin 100. Sai R21 ta Jami'ar Oxford da ake haɗawa a Indiya, aka amince da ita a 2023. Ita Najeriya ta ɗauka, aka fara da Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024, da tsarin a riƙa faɗaɗawa jiha-jiha. Amma ba sau ɗaya ba ce, huɗu ce: a wata biyar, shida, bakwai, sai wata 15. Naka biyun sun wuce lokacin farawa, sai dai ƙanensu in Allah ya kawo. Kuma ba ta maye gurbin maganin damina. Da aka gwada a Mali da Burkina Faso, yaran da aka haɗa ma allura da maganin damina kamuwarsu ta ragu da kusan kashi 60 cikin 100 a kan waɗanda suka samu guda ɗaya kawai.

Mu abin da ke hana mu barci shi ne cutar ta saba da magani. Kulorokwin da iyayenmu suka sani ya daina kama ta, shi ya sa a 2005 Najeriya ta koma magungunan atimisinin, irin su Coartem. Shi kuwa a Sin aka ciro shi daga wani ganye ɗan'uwan tazargade, wata mata mai suna Tu Youyou ta samu kyautar Nobel a kanshi a 2015. Kar Hajiya ta ji wannan ta ce da ma ta faɗa: jiƙon ganye ba a san yawan maganin da ke cikinshi ba, yana iya kwantar da zafin jiki ya bar ƙwayar cutar tana nan. Yanzu an tabbatar ta fara jure ma atimisinin ɗin a Ruwanda da Yuganda da Eritriya da Tanzaniya, kuma cikin abubuwan da ke koya mata juriyar akwai shan rabin magani da allurar da ake dankara ma kowa ba gwaji. Sauron shi ma ya saba da maganin tsohon gidan sauro, shi ya sa sababbin ake sa masu sinadari biyu. Ga kuma wani baƙon sauro daga Asiya da aka gano a Gombe a 2020, shi a tankin ruwa da kwatarniya na cikin birni yake ƙyanƙyasa. Wannan kam, Baba, duba-garinka zai yi aiki a kanshi.

Telan Ƙofar Marusa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, mai ɗakina ta ce masu rabon sun faɗi maganar kwana ukun, amma a tsaitsaye, suna sauri. Maman 'yan biyu, shawararki na ɗauka. Na yi ma ƙanwar Hajiya da ke Ƙofar Sauri waya, ita tana ba jikokinta, za ta zo Juma'a su yi maganar tsakaninsu, ni ba zan sa baki ba. Baba hedimasta, ni dai ina bayanka kan kwata ko ba ita ke kawo maleriya ba, don ta ƙofar shagona in ta cika ko mai kawo ɗinki ba ya iya tsallakowa. Maganar tazargade kuwa ba a bakina za a ji ta a gidan nan ba.

Saura kaɗan. Ƙwayoyin da ke ƙulle a zanen Hajiya, a ba su yanzu? Namijin zai cika shekara biyar cikin Satumba, za a ci gaba da ba shi? Ni kuma da nake kwana a shago in aiki ya taru, ina taka keke sauro na cin ƙafata, babu irin wannan na manya?

Malamar asibiti daga Daura ta amsa:

A'a Malam, waɗancan lokacinsu ya wuce, a miƙa wa masu rabon in sun zo, za su buɗe sabon fakiti. Yaron da aka fara da shi bai cika biyar ba yana ƙarasa zagayen daminar, baɗi ne zai fita daga layi. Na manya babu, sai masu juna biyu da ake ba Fansidar daga wata na huɗu, wata-wata, aƙalla sau uku. Kai naka shi ne safa da dogon wando, ka ɗaura gidan sauro inda kake kishingiɗa, in ka ji zazzaɓi a gwada kafin a sha komai. Fiya-fiyar nan da ake sayarwa a kwalba ba suna kuma guba ce, kar a fesa ta inda yara ke kwana.

Ka adana ledar magungunan kemis ɗin ka nuna musu ranar. In akwai amodiyakwin ko Fansidar a ciki, kuma bai cika kwana 28 da sha ba, za su ɗaga masa zuwa zagaye na gaba, ita ƙanwar a ba ta nata.